Rasuwar Baba Magini, da maganar kaset da zauren Gangare

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga waɗanda ke nesa ba su ji ba, Allah ya yi wa Baba Magini na Gangare rasuwa daren Talatar makon jiya, bayan jinyar da ya sha tun shigowar sanyi. An yi masa sutura Laraba da hantsi. A ranar ban iya rubuta komai ba, sai yau na samu na zauna. Abin da ya tsaya mini a rai tun daga maƙabarta shi ne irin mutanen da suka taru. Ga birkiloli da leburori, ƙurar siminti a ƙafafunsu, sun baro aiki sun zo. Ga tsofaffin direbobin gongoro na Bauchi Road. Ga wasu dattawa biyu da ban sani ba, aka ce mini makaɗa ne daga Bukuru. Maƙwabtanmu Kirista kuma suna tsaye daga gefe har aka shafa. Kowa da sunan da yake kiransa: wannan ya ce Magini, wancan ya ce Mai Kukuma, direbobi kuwa Mai Fenti suka sani. Duk wanda ya san wani abu nasa ya faɗa mana a nan, don yaranmu su ji. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fiye masa nan.

Maman Hanifa:
Allahu Akbar. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Allon saukata shi ya yi wa zayyana, har yau yana rataye a ɗakin mahaifiyata. Ja da kore da ruwan ɗorawa, ko ɗaya bai koɗe ba.

Alhaji na 'Yan Taya:
Allah ya gafarta masa, ya kyautata namu zuwan.

Direban Gongoro:
Amin. Baban Sadik, cikin direbobin da ka gani har da ni, ni ne mai dogara sanda. Tun zamanin Shagari na san shi. A lokacin in kafinta ya gama ƙera maka bodin katako, ba ka ɗora kaya sai mota ta kwana biyu a hannun Mai Fenti. Kuma ba ya tsoma buroshi sai ya zaunar da kai ya tambaye ka wace hanya kake bi, me kake ɗauka. Ni dankalin Turawa nake ɗaukowa daga Bokkos da Mangu, in haɗa da kabeji da tumatir na Farin Gada, in yi Kudu. Sai ya zana mini zaki a ƙyauren baya, amma zakin a kwance. Na ce Malam, ni mai tsalle nake so irin na abokina. Ya ce mai kayan gwari ba ruwansa da tsalle, fatansa ya sauke lafiya kafin kaya su ruɓe. Shekara tara na yi da motar nan, daga Lafiya har Makurɗi in aka hango zaki kwance an san ni ne. Yanzu sitika ake bugowa a kwamfuta, mota ɗari hoto ɗaya.

Tsohon Yaron Baba:
Salamu alaikum. Jikana ke rubutawa, ni ina faɗa. Shekara goma sha huɗu na yi a ƙarƙashinsa, tun ina ɗaukar kwanon sarki har ya miƙa mini cokali.

Asalinsu ƙasar Zazzau. Mahaifinsa ɗiban gwamna ne ya kawo shi, lokacin yaƙin Hitila, da Turawa suka riƙa kwaso mutane dole daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, tsakanin 1942 da 1944. Sanyi da yunwa da ciwo sun kashe da yawa. Shi Allah ya yi da sauran kwanansa, aka sallame su bai koma ba. A nan aka haifi Baba, sannan aka mai da shi Zariya karatun allo. Wurin malaminsa ya koyi zayyana, ranakun Alhamis da Juma'a kuma da babu karatu yana ɗaukar wa magina ƙasa. To kun ga alƙalami da ƙasa tare suka shiga hannunsa.

Siminti ne ya ciyar da gidansa, wannan gaskiya ne. Bulo da rodi da kankare babu wanda bai iya ba, ginin dutse irin na Jos ma ya iya, ya san yadda ake juya dutse har ya sami fuskarsa. Amma ransa yana wurin ginin ƙasa. In muka je wurin ɗibar ƙasa sai ya damƙa ya jiƙa ya murza a tafin hannu, in bai gamsu ba mu bar wurin ko da mun yi nisa. A kwaɓa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana da kwanaki ana ba ta ruwa har ta nuna. Tubali da hannu ake mulmula shi, a shanya, a jera shi tsininsa na kallon sama. Bango daga ƙasa da kauri, yana hawa yana sirancewa. Ba ya yarda a ɗora sahu a kan wanda bai sha iska ba, ko mai gida zai yi fushi. Rufi da azarar giginya, don gara ba ta cin ta. Da yake azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki, sai a yi bakan gizo: a kafa azara a jikin bango, a ɗaura wata a kanta ta ɗan leƙo gaba, a bi da wata, daga nan da can har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Ranar haɗa baka ba ya son surutu. Daga ƙarshe makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ita ce rigar ruwan bango.

Zanen kuwa tun yaɓe na ɗanye yake yin sa, da yatsa da bayan cokalin cin abinci. Ba ya zana shi a takarda tukuna. Dagi yakan fara, sauran su biyo. Kuma yana yi yana waƙa ƙasa-ƙasa, in waƙar ta tsaya mun san akwai abin da bai yi masa ba.

Wata rana na kira shi Gwani a gaban mutane. Ya ja ni gefe ya ce kada in ƙara, Gwani shi ne wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, shi mai koyo ne.

Injiniya a Abuja:
Allah ya jiƙan Baba. Baba Tsohon Yaro, Allah ya ƙara maka lafiya, abin da ka faɗa cikin saƙo ɗaya mu sai da muka shekara muna karanta shi a aji. Ga yaran da ba su sani ba, wanda Baba ke nufi shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, da ya gina masallacin Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kusan shekara ɗari biyu ke nan. Har yau akwai unguwa da sunan Babban Gwani a cikin birnin.

Kuma mu mutanen Jos ba sai mun je nesa ba. A harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai sashen gine-ginen gargajiya da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya tsara. A can aka kwaikwayi masallacin Zariya ɗin, da wani yanki na ganuwar Kano, da ginin fadar Katsina, da girmansu na gaske, da ƙasa, da hannun magina irin su Baba. Mu nawa ne a dandalin nan muka taɓa kai 'ya'yanmu su gani? Namun daji muke zuwa kallo da salla, mu wuce ta gefensa.

Abin da ke ci mini rai shi ne a nan Abuja ina ganin mutum ya gina gidan gilashi da bulo mai inci shida, rana ta dafa shi, ya koma yana kashe kuɗi a janareto da na'urar sanyaya ɗaki. Bangon ƙasa mai kauri da rana yana riƙe zafi a jikinsa, da dare ya sake shi a hankali, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar da ɗumi da asuba. A Nijar, magini Falke Barmu ya gina masallacin Yama a yankin Tawa da ƙasa, a 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan ta duniya. Manomi ne a ƙauyensu. Mu kuma namu sai sun mutu muke tambayar me suka iya.

Tsohon Yaron Baba:
Injiniya, a wannan aiki na gidan tarihi Baba ya yi leburanci yana saurayi, ƙarƙashin maginan da aka kawo. Ya ce a nan ya fara ganin an haɗa baka mai faɗin da ya ba shi tsoro.

Maƙwabcinku na Tudun Wada:
Sannunku da haƙuri, 'yan'uwa. Ni Kirista ne, a Dilimi aka haife ni, da yawanku mun yi wasan ƙwallo tare. Bayan rikicin Satumba na 2001 gidanmu ya ƙone, muka koma Tudun Wada a wani fili da kawuna ya ba mu. Kun san yadda garin ya zama a lokacin, kowa ya koma cikin nasa, ƙetare titi ma sai an yi shawara. Da rani ya shigo, wata safiya muka ga Baba da yara biyu da igiya da cokali a bakin filin. Babana ya ce masa ba mu da kuɗin magini. Ya ce shi bai zo ciniki ba, shekara ashirin yana shan ruwan rijiyar gidanmu. Kwana goma sha ɗaya yana zuwa. In azahar ta yi ya shimfiɗa buhun siminti a gindin bango ya yi sallarsa, mamana ta hana yara wucewa ta gabansa. Wasu a unguwar ba su so zuwansa ba, na tabbata a can wajenku ma an yi masa magana. Ɗaki biyun nan suna nan, a ɗaya mamana ta rasu. A saman ƙofa ya bar mana ɗan ƙaramin dagi a jikin filasta. Na yi fenti sau uku, ban taɓa bari a shafe shi ba. Allah ya ba shi hutawa.

Maman Hanifa:
Wayyo Allah. Ni wannan ban taɓa ji ba.

Ɗan Rikkos:
Iyayena, ni ban san shi sosai ba, amma a cikin kayan marigayi babana akwai kaset guda uku da aka rubuta Mai Kukuma a jiki. Na samo rikoda na saurara daren jiya. Akwai wadda yake wa leburori masu kwanon sarki, akwai ta mata masu wankin kuza a bakin kududdufi, yana kiran sansanonin haƙa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi tsikar jikina sai da ta tashi. Na riga na juye ɗaya a waya. In sako ta nan kowa ya ji? Ina ganin har a Facebook ya kamata a sa.

Malamin Islamiyya:
Ɗana, dakata tukuna, Allah ya yi maka albarka. Jama'a, ni ma Baba ya yi mini alheri. Ajujuwa biyu na makarantarmu shi ya ɗora su, kuɗin hannu bai karɓa ba. Saboda ƙaunar da nake masa ne zan faɗi abin da zan faɗa. Mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, ba su halatta kayan kiɗa masu tsarkiya ba. Bawan Allah ya tafi inda ba ya iya ƙara komai ko rage komai. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. To Baba yana da ukun nan. Ga masallatan unguwa da ya gina, ga yaran da ya koya wa sana'a, ga 'ya'yansa. Me zai sa mu ɗauko abin da ake da shakka a kansa mu watsa duniya, ana ta juya shi shekara da shekaru, shi kuma yana kwance? In da lada a ciki ba mu da tabbas, in da nauyi kuwa wa zai ɗauka? Mu yaɗa ginin, mu rufa masa asiri a kan sauran.

Goggon Yara:
Allah gafarta Malam, ina ganin girmanka, 'ya'yana uku a hannunka suka yi karatu. Amma kalmar rufin asiri ta yi mini nauyi. Asirin me za a rufa? Sata ya yi? Ni na girme ku duka a nan in ban da Tsohon Yaro, kuma a gidan da ke jikin nasu na yi aure. Mutumin nan bai taɓa kai kukumarsa gidan giya ba, bai bi 'yan siyasa ba, bai tsaya ƙofar mai kuɗi ya wasa shi don a ba shi riga ba. Bayan lisha ne, lokacin hunturu, a hura wuta a zaure, leburorin da suka wuni suna ɗaukar ƙasa su zagaye shi, ya yi musu waƙar wahalarsu su ji su ma mutane ne. Da hannunsa ya haɗa abarsa, ɗan ƙoƙo da fatar guza da izgar doki.

Kuma ni ban san ranar da aka raba gini da waƙa ba. Da muna 'yan mata in an gama ɗaki, mata ne ke taruwa daɓe. A zuba tsakuwa, a yayyafa makuba, kowace da madaɓinta, wata ta ba da waƙa sauran su amsa, hannu na sauka tare. In babu waƙar hannu ba ya haɗuwa, daɓen ma ba ya kyau. Haka nika, haka daka. Shi abin da ya tashi ya gani ke nan. In za a ba jikokinsa labarinsa a cire wannan, wani mutum daban aka ba su labari.

Baban Sadik:
Goggo da Malam, duka ku biyun iyaye ne. Ni abin da zan ƙara kaɗan ne. A garin nan aka kafa Izala a 1978, a garin nan kuma Ɗan Maraya ya rayu da kuntiginsa har Allah ya karɓi ransa a watan Yunin 2015, cikin azumi, manya da ƙanana suka yi masa salla. Jos ta daɗe tana ɗauke da duka biyun. Kuma abin da ya ɗaga Ɗan Maraya ai shi ne ya waiwayi ƙaramin mutum, ya yi wa karen mota waƙa lokacin da wasu ke bin fada. Baba a kan wannan hanya yake, sai dai shi bai mai da ita abinci ba. Waƙar masu wankin kuza da Ɗan Rikkos ya ambata, in ta ɓace, wa ya rage da zai lissafa mana sunayen sansanonin nan? Kakannin rabinmu a can suka ƙare ƙarfinsu.

Malamin Islamiyya:
Goggo, in kalmata ta yi zafi ki yafe mini, ban nufi Baba ya yi abin kunya ba. Waƙar daɓe da ta nika baki ne da hannu, ba a kansu nake magana ba. Kuma ban ɓoye ba, akwai saɓani, Ibnu Hazmin na Andalus ya tafi a kan halacci, wasu sun bi shi. Amma ni abin da na gamsu da shi na faɗa, kuma ba zan canza shi don ana makoki ba. Baban Sadik, in sunayen sansanoni ake so, a saurara a rubuta baitocin a takarda, ni da kaina zan taya. Sannan akwai abin da duk muka tsallake: mutumin nan yana da magada. Kaset na hannun Ɗan Rikkos, amma muryar ta ubansu ce. An tambaye su?

Babban Ɗan Marigayi:
Assalamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, na rasa ta inda zan fara. A madadin gidanmu muna godiya ga duk wanda ya zo, da wanda ya aiko, da wanda ya yi addu'a daga nesa. Allah ya bar zumunci. Yayana na Tudun Wada, labarinka mu kanmu ba mu san shi haka ba, mun dai san ya yi kwanaki yana fita da sassafe Inna tana cikin damuwa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Ni na tashi ina jin ciwon kukumar nan. A makaranta ɗan maroƙi ake ce mini, alhali ubana bai taɓa roƙon kowa ba. Da na tashi neman aure na fari, magana ta yi nisa, sai wani baffan yarinyar ya ce ba sa haɗa jini da makaɗa. Gidan da suke zaune a ciki ubana ne ya gina shi. Na dawo na faɗa wa Baba magana marar daɗi a daren nan, wadda har yau nake neman gafarar Allah a kanta. Bai ce mini komai ba. Washegari ya tashe ni muka tafi aiki.

Game da ko ya bari: shekara goma sha ɗaya ke nan da ya rataye ta, tun rasuwar Inna. Bai ce mana ya gano haram ce ba, bai kuma ce mana halal ce ba. Na taɓa tambayarsa sau ɗaya, ya ce hannunsa ne ya yi nauyi. Ban sani ba ko iyakar dalilin ke nan. Don haka kada kowa ya jingina masa maganar da bai yi ba, ta kowane ɓangare. Tana nan rataye a ɗakinsa, fatar ta tsage.

Ɗan Rikkos ƙanena, na roƙe ka kada ka sa a Facebook. Ba mu ko yi rabon gado ba, mu tara ne, kuma ra'ayinmu bai zo ɗaya ba.

'Yar Baba ta Bukuru:
Yaya, na ji maganarka kuma ba zan tsallake ta ba. Amma tunda a nan aka yi zancen, bari ni ma in faɗi nawa a nan. Abin da aka yi maka a wurin neman aure zalunci ne, laifin masu yin sa ne, ba na Baba ba. Ni kuma abin da na tashi da shi daban ne. Duk daren da zazzaɓi ya kama ni ina yarinya, a bakin gadona yake zama ya goga a hankali har in yi barci. 'Ya'yana ba su san muryarsa da ƙarfi ba, tsoho mai tari suka sani. A gidanmu babu kaset ko ɗaya, namu sun tafi tare da allunan shagunan da ya rubuta a gobarar kasuwar Terminus ta 2002, a shagon abokinsa mai gyaran rediyo suke. Ashe akwai saura a Rikkos. Ban ce a watsa wa duniya ba. Na ce ina so in ji, kuma ina so 'ya'yana su ji. Wannan haƙƙina ne kamar yadda naka yake haƙƙinka.

Babban Ɗan Marigayi:
Ban hana ki ba. Ɗan Rikkos ya kawo su gida, a juye wa duk wanda ke so a cikinmu. Maganar waje sai mun zauna.

Ɗan Rikkos:
To Yaya, in sha Allahu gobe bayan la'asar zan kawo. Ban tura wa kowa ba.

Malamin Islamiyya:
Wannan tsakaninku ne, ni ba ni da ta cewa a cikin gidanku. Ina nan a kan fahimtata, kuma ina nan a kan alƙawarin rubuta baitocin in kun yarda. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa kanku.

Jikan Mai Zaure:
Salam. Na ga kamar ana kewaye wata magana ne ba a faɗa ba, gara in faɗa da kaina. Zauren Gangare mai zanen nan, wanda kowa ke nunawa in an ce aikin Baba, na kakana ne, kuma gaskiya ne mun yi shawarar rushe shi bayan salla mu fitar da shaguna biyu. Na san ana zaginmu a bayan ido. Amma ku zo ku gani. Ruwan Jos ba irin na Kano ko Zariya ba ne, wata shida ana zuba. Ginin ƙasa kowace shekara yana son yaɓe, Baba ne ke yi mana, tun da ƙarfinsa ya ƙare shekara shida ba a taɓa shi ba. Indararo ɗaya ya faɗi, zanko biyu sun narke, azara ta fara leƙowa ta kusurwar gabas. Damina ta wuce da ƙyar muke barci, tsoron kada ya faɗo wa yara masu wucewa makaranta. Gidan marayu da zawarawa ne, hayar shago za ta saya musu hatsi. Masu cewa a bar shi don tarihi, ko buhun ƙasa ɗaya wani ya taɓa kawowa?

Injiniya a Abuja:
Maganarka gaskiya ce, kuma ni na fara cin laifin, ina Abuja ina yabon ƙasa a waya. Ba wanda ke da ikon hana ku abin da zai ciyar da gida. Roƙona biyu. Na farko, kafin a taɓa komai a bar ni in zo in auna shi, in ɗauki hoton kowane zane da safe da yamma, don zanen yaɓe sai rana ta karkata yake fitowa. Na biyu, a bar ni in duba ko za a iya fitar da shagunan ta gefen lungu a bar fuskar zauren a tsaye. Ban yi alƙawarin zai yiwu ba sai na ga harsashin. Aikin duba da zanen taswira ba za ku biya ko kwabo ba.

Tsohon Yaron Baba:
Zauren nan ni na kwaɓa ƙasarsa. Da hannuna na miƙa masa tubalin bakan. In azara ta leƙo ne kawai ba ta ruɓe ba, bai mutu ba, rufin ne ke son a buɗe a sake masa ƙasa a gyara hanyar ruwa. Ƙafata ba ta hawa tsani yanzu, amma ina da yara biyu da na koya wa, zan zauna a ƙasa in nuna musu. Zanen ne ba zan taɓa ba, wannan ba hannuna ba ne, sai dai mu bi gefensa mu tsare shi. In za a yi, yanzu ne da rani, kafin ruwan Afrilu. Abin da zai ba mu wuya makuba ce, rabon da in ga mai sayar da ita a Katako na manta.

Jikan Mai Zaure:
Baba, ba ni kaɗai ke da magana ba, sai na gaya wa baffannina. Amma aunawa da hoto ba wanda zai hana. Injiniya, yaushe za ka shigo?

Injiniya a Abuja:
Asabar in sha Allahu. Zan taso bayan asuba ta Akwanga.

Direban Gongoro:
Maganar makuba ku bar mini. Ɗana yana lodi a ƙauyukan Toro, can mata na yin daddawa, ba a rasa ɓawon ɗorawa a ajiye. Tsohon Yaro, buhu nawa zai isa?

Tsohon Yaron Baba:
Ya kawo huɗu tukuna. Ya ce musu busasshe, wanda ruwa bai taɓa ba.